Lakar Ranar Su

Duk wanda ya bi hanyar Ɗan Barto daga Matamaye zai ga wurin shaƙatawar nan na bakin tabkinmu, da allonsa mai hoton kwale-kwale, an rubuta wai wurin hutu ne da kwanciyar hankali. Ni dai in na wuce a bayan babur kawar da kai nake yi. Ban san wani fili a yankinmu da ya sha duka da jini irin wannan gonar ba, kuma mafi yawan jinin na gidanmu ne.

Gidanmu ne ke riƙe da sarautar ruwa. Kada wani ya ji sarauta ya zaci rawani da algaita. Babana manomin rake ne kamar kowa, rigarsa ma ta fi ta wasu faci. Aikinsa ɗaya ne a shekara, shi ne buɗe su, wato kamun kifin gayya. Daga faɗuwar damina har zafin bazara ba mai jefa ko ƙugiya a tabkin. In ruwa ya ja baya, kifi ya taru wuri ɗaya, sai Baba ya sa rana. Mutane su zo daga Yauri da Icirnawa da ƙauyukan da ke tsakani, kowa da homarsa, wato 'yar komar nan ta hannu, su yi cirko-cirko a gaɓa. Ba wanda zai sa ƙafa a ruwa sai Baba ya shiga ta mashigin da ke gindin wata tsohuwar giginya, rungume da goran gidanmu, ya kama kifin farko, ya buga goran. To daga nan ruwa ya zama na kowa.

Ranar tana da dokokinta. Ba a zuwa da makamin ƙarfe, ko wuƙar yankan farce ce. Hannun da ya zub da jinin mutum a ranar su, mai shi ya rabu da ruwan tabkin har ya mutu, ba wanka, ba alwala, ba kamun kifi. Sai kuma laka. Ranar su ba mai komawa gida da tufafi masu tsabta. Duk wanda aka gani a tsaye a gaɓa fes, tsofaffin mata za su ɗebo laka su lafta masa, samari su ɗauke shi cak su jefa a ruwa. Girmamawa ce. Gwargwadon girmanka, gwargwadon lakar da za ka sha, kuma wanda aka bari da farar rigarsa ya san an raina shi ne.

Da laka ake naɗa magaji ma. Sarkin ruwa yana tsaye cikin ruwa zai ɗebo ta da hannunsa ya shafa a goshin wanda zai gaje shi. Baba yana da namiji ɗaya tak, yayana, kuma shi ne ɗan fari. Burin Baba a duniya bai wuce goran nan ya koma hannun yayana ba. Amma ka san halin mutanen da da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dafa kafaɗarsa ba. “Wancan” yake ce masa. Suna zaune a zaure ɗaya sai Baba ya dube ni ya ce, “Ke, tambayi wancan ko ya ba jaki ruwa.” Na girma ina tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa.

Gonar kuwa, farkonta ba gona ba ce, gaɓar tabki ce kawai da shanu ke sauka. A zamanin Turawa wani kwamanda ya ga wurin ya yi masa, ya ce a gina masa gidan hutu. Da aikin dole aka gina shi. Kakana yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsu a ka, dorinar gardi, wato dogarin Turawa, na bin su a baya. Da aka gama gini aka dasa mangwaro da dabino, sai kwamanda ya ce a ja shinge har bakin ruwa, giginyar ta faɗa ciki. Kakana ya je ya kwanta a mashigin. Suka yi masa dukan da sai da ya suma, aka kwaso shi a asabari. Da ya iya miƙewa ya koma ya sake kwanciya. Suka sake. Haka aka yi ta yi har gardawan da kansu suka fara jin nauyin ɗaga hannu. A ƙarshe shingen ne ya lanƙwasa ya bar giginyar a waje. Na riski kakan nan da tsufansa. In ya tuɓe zai yi wanka, bayansa kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma yakan bar mu mu sa yatsa muna bin layukan.

Bayan Turawa sun tafi, wurin ya faɗa hannun wani Alhaji mai fataucin gyaɗa. Shi ya cika shi da rake, ya ajiye karnuka da ma'aikata masu zafin hannu. Ina yarinya shanun makiyaya suka shiga raken, mutanen Alhaji suka tare su suka sassare musu agara da adda. Na ga shanun da idona suna jan ƙafafun baya suna kuka, ƙuda na binsu. Ba a jima ba makiyayan suka dawo da tsakar rana suka cinna wa raken wuta ta kowane gefe. Aka yi sare-sare cikin hayaƙi. Wani ma'aikaci ya fito da hannunsa na reto da fata kawai, ya zauna a gindin mangwaro yana roƙon a ba shi ruwa. Abin da na sani ke nan game da Alhajin, mutum ne mai tsanani. Amma ranar su za ka gan shi tun da hantsi a gindin giginya cikin farar babbar riga, wadda ya ɗinka musamman domin a ɓata. Ya buɗe hannuwa, tsofaffi su yi masa kaca-kaca, samari su jefa shi, ya fito yana tari yana dariya. Shekarar da aka ɗan makara ba a taɓa shi ba, da kansa ya aika a tambayi Baba ko ya yi wa gari wani laifi ne.

Da ya rasu, 'ya'yansa suka nuna wa duniya cewa sun gaji zafin ba su gaji dariyar ba. A kan rabon bishiyoyi wa ya cire wa ƙanensa kunne da adda. Ƙanen ya warke ya zo da gatari ya sassare mangwaron wan, suna ɗauke da 'ya'ya. Da suka gaji da juna suka sayar wa wani mutumin birni, wanda har yau Mai Otal muke ce masa.

Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a da yawan gaisuwa, amma da ido kawai yake ganin tabkin. Ya gina 'yan bukkoki masu jinka a sama da na'urar sanyi a ciki, ya kawo kwale-kwale masu fenti, ya gyara tsohon gidan kwamanda ya mai da shi wurin cin abinci. Sannan ya ja katangar siminti, ya kafa fasassun kwalabe a samanta, ta haɗiye giginyar. A daidai mashigin da kakana ya kwanta ya zuba matakalar siminti domin baƙinsa su sauka su hau kwale-kwale. Dattawa suka je masa, ya ce ai tabkin da faɗi, a shiga ta wancan gefen mana. Baba ya ce shi bai san wata hanyar shiga ruwa ba. Bazara ta zo ta wuce ba a yi su ba, wata ma ta sake wucewa.

Samari suka ƙule. Wata safiya suka taso da taɓare da guduma suka fara rushe katangar ta wajen giginya. Mai Otal yana da wasu ƙarti da ya ɗauko daga nesa, ba su san uban kowa ba. Suka fito da kulake da igiyar roba. Mijina yana cikin samarin. Suka danne shi a kan baraguzan katangar suna duka har haƙoransa na gaba suka zube, kwalaben suka tsattsaga masa tafin hannu. Wani maƙwabcinmu ido ɗaya ya bari a wurin. Su ma ƙartin ba su tafi lafiya ba, an karya wa ɗayansu ƙugu da taɓarya. Ni na ɗinke zanen da aka ɗaure hannun mijina da shi, ina ɗinki ina tsine wa duk wanda ya taɓa hawa kwale-kwale mai fenti.

Abin ya girgiza Mai Otal. Ya sallami ƙartin ya ce 'yan gari zai ɗauka. Lokacin yayana ya dawo daga cin rani a Kano, inda ya daɗe yana gadi, ga shi ƙato mai kwarjini. Aka ba shi shugaban masu gadi, ya karɓa. Ranar da ya shigo gida da rigar aiki, Baba yana gyaran homa a zaure. Bai ɗaga kai ba.

“Ke,” ya ce mini, “faɗa wa wancan, ƙofar da yake tsaro, kakansa ya kwanta a bakinta.”

Yayana ya durƙusa. “Faɗa wa Baba, in ban tsaya a nan ba wani ne zai tsaya, wanda bai san darajarsa ba. Ya yi mini haƙuri. Ni zan buɗe masa ita.”

“Faɗa masa na ji.”

Na ce, “Baba, ai ga shi nan gabanka, ni na gaji da wannan aikin da ba lada.” Ya jefe ni da ƙullin zare.

Yayana ya cika alkawari. Ya yi ta bin Mai Otal da lallami har ya nuna masa cewa baƙi za su so kallon su fiye da kwale-kwale. Mai Otal ya ga gaskiya ne, ya yi murna, ya gayyato manyan abokansa daga birni. Yayana ya zaunar da shi ya karanta masa dokoki, ba mai riga Baba shiga ruwa, ba a zuwa da ƙarfe, ba a zub da jini. Masu gadi za su riƙe kulakensu, tunda itace ne. Abu ɗaya ne bai faɗa masa ba, shi ne laka. Ba ɓoyewa ya yi ba. Mu duka ba wanda abin ya faɗo wa a rai. Mun tashi mun ga ana yi, ba mu taɓa zaton akwai mutumin da sai an yi masa bayani ba.

Ranar ta zo da zafi mai narkar da mutum. Tun da sassafe aka buɗe babbar ƙofa, jama'a suka kwarara ciki, tsofaffi na shafa giginyar suna hawaye. Ni na je da babban kwanon da nake zuba kifin suya. Aka kafa wa baƙi rumfa a saman matakala, suka zauna a kan fararen kujeru, maza cikin shadda mai walƙiya, mata da leshi, kowa ya ɗaga wayarsa. Na dube su na ce a raina, kai, mutanen nan sun san abin da ya kamata, dubi yadda suka yi mana ado.

Baba ya fito daga shi sai ɗan wando, goran a ƙirjinsa. Wuri ya yi tsit. Ya sauka matakalar a hankali, yana ɗaga ƙafa kamar mai taka abin ƙyama, ya yi bisimilla ya shiga. Ya nutse ya daɗe. Da ya ɓullo da tarwaɗa a hannu ya buga goran, sai gaɓa ta tsage da ihu. Mutane suka afka ruwa ta ko'ina, homa na tashi, kifi na tsalle, ruwan ya koma baƙin kunu. Kafin wani lokaci kowa ya rine tun daga gashi har ƙafa, ba ka gane mutum sai ya yi magana. Na hango yayana a gefen rumfa da rigar aikinsa yana murmushi. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na wannan lokacin ba.

Sai tsofaffin mata suka fito da laka cike da ƙore. Wata ƙawar innarmu mai sayar da daddawa ce a gaba, tana rangaɗa guɗa. Ta nufi Mai Otal, tunda shi ne mai gida, ta lafta masa a ƙirji da hannu biyu. Sauran suka bazu cikin baƙi. Samari kuma suka duba suka zaɓi wanda ya fi kowa ƙiba da tsadar riga, suka ɗauke shi har da kujerarsa suka yi ruwa da shi, suna yi masa kirari.

Matar baƙon ta ƙwalla ƙara. Direbansa ya zabura ya kai wa tsohuwar nan naushi a baki, ta faɗi ƙoryarta ta fashe. Jikokinta suna kusa. Suka yi kansa, kujeru suka fara tashi sama, kwalaben lemo na fashewa a kan siminti. Mai Otal, laka na zuba daga gemunsa, yana ta ihu, “Ku fitar da su! Za su kashe mini baƙi! Ku fitar da su!” Masu gadi suka shiga da kulake. Waɗanda ke cikin ruwa suka ga ana dukan iyayensu mata, suka fito da sandunan homa. Rumfa ta rufta a kan mutane. Na ga wani baƙo yana tattaka wata yarinya yana neman hanyar gudu, na ɗaga kwanona na sauke masa a ka da iyakar ƙarfina. Kwanon ya lotsa, kansa bai fashe ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da taurin kan mutumin nan.

Babban baƙon da aka jefa bai iya ruwa ba. Babbar rigarsa ta naɗe shi, yana ɓullowa yana nutsewa, samarin da suka jefa shi kuma sun juya wajen faɗa. Yayana ya gani. Ya sauko matakalar da gudu yana buɗe hanya da kulki, mutane na riƙe shi yana fizgewa. Yana kaiwa matakin ƙarshe sai wani mutum baƙi ƙirin da laka ya taso daga ruwa ya cafke masa hannu ta baya. Yayana bai duba ba. Ya juya ya sauke masa kulkin a saman kunne.

Ina tsaye kusa da su. Na ji ƙarar, kuma na ga goran ya suɓuce yana yawo a kan ruwa.

Shirun ya fara daga matakalar ya bazu har ƙarshen gaɓa. Wasu suka tsamo baƙon, ba wanda ya ko kalle shi. Baba yana durƙushe a kan gwiwa ɗaya, jini na tsartuwa ta cikin lakar da ke kansa yana gangarowa wuya. Yayana ya saki kulkin. 

Baba ya sa hannu cikin ruwa ya ɗebo laka mai kauri ya danna a kan raunin. Jini ya ɓullo, ya ƙara wata. Ya ƙara wata har ta tsaya. Sannan ya miƙe yana tangaɗi, ya dubi jama'a ya ɗaga murya.

“Santsi ne ya kwashe ni,” ya ce. “Wannan matakalar banza ce na buga. Kowa ya gani, ko?”

Mutane suka dubi juna.

“Na ce kowa ya gani?”

Wani dattijo daga Yauri ya ce, “Mun gani, Sarkin Ruwa. Santsi ne.” Sai sauran suka ɗauka, santsi ne, santsi ne.

Baba ya juya wajen yayana. Ya kai hannu kansa, ya ɓanɓaro laka daga inda ya danna, ya shafa masa a goshi. Ya bar hannun a wurin ya daɗe. A gaban duk mutanen nan ya ce, “Tsaya da kyau, ɗana. Ana kallonka.” Tunda nake ban taɓa jin ya yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Wata tsohuwa ta yi guɗa.

Waɗanda suka zub da jini a ranar an san su, masu gadi biyu da wasu samari, kuma ba wanda ya yi gardama da aka ce sun rabu da ruwan. Sunan yayana bai fito a bakin kowa ba. Baba ya ɗauki goransa ya koma cikin tabki, domin su ba ya ƙarewa sai sarkin ruwa ya fito. Ya zauna a ruwan nan da fasasshen kai har la'asar.

A gida ya hana a wanke wurin. Inna ta kawo ruwan ɗumi ya ture. Na ce mu je asibiti, ya ce, “In lokotoro ya buɗe ya ce wannan ba aikin matakala ba ne fa? Bakinsa za ki ɗinke?” Na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ce duk garin nan wa bai sani ba? Ya ce sani daban, faɗa daban, kuma in na sake ɗaga masa murya zai tashi ya nuna mini bai mutu ba tukuna. Lakar ta bushe a kansa, ya naɗa rawani a kai. Wurin ya kumbura ya fara wari. Yayana kullum yana ƙofar ɗakin a tsugune, ba ya ci ba ya sha. Baba kuwa ya koma halinsa. “Ke, faɗa wa wancan ya je wurin aikinsa, zaman me yake yi mini?”

Da muƙamuƙinsa ya ƙage, bayansa ya fara sandarewa, ba shi da bakin hana mu. Muka ɗora shi a amalanke muka kai shi asibiti. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma mun makara. Yayana ne ya riƙe shi lokacin da jikinsa ke banƙarewa, har ya daina.

Da bazara ta zagayo, dattawa suka zo suka ce wa yayana ya sa rana. Ya sa. Mai Otal ya buɗe ƙofa ba gardama, wannan karon ya gargaɗi baƙinsa su sa tsofaffin kaya. Jama'ar da ta taru ta fi ta bara. Kowa ya san abin da ya faru, kowa kuma ya zo da niyyar bai sani ba. Ni ma haka. Ni na shafe goran da man gyaɗa na miƙa masa.

Ya sauka matakalar daga shi sai ɗan wando. Ya kai matakin ƙarshe, ruwa na gaban yatsunsa. Ya tsaya. Muka jira. Sai ya juyo ya fuskanci mutane.

“Ba santsi ba ne,” ya ce.

Ban san lokacin da na ratsa mutane na isa gabansa ba. Na ce, “Yaya, rufe mana baki! Mutumin nan ya mutu ne don kada ka faɗi wannan maganar. Shiga ruwa!”

“Ni na buge shi.”

“Mun ji. Shiga ruwa!”

Dattijon nan na Yauri ya ce, “Yaro, mu ba mu ji komai ba. Ubanka ya shafa maka laka a gabanmu.”

Yayana ya dubi dattijon ya ce, “Baba, lakar da ya shafa mini, da na je gida na wanke ta, ruwan ja ne ya sauka. Da wane hannu zan buɗe muku?”

Na mare shi. Ƙanwa ta mari wanta a gaban gari, kuma bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Ya hau matakalar ya rataye goran a jikin giginya. Aka daɗe ana tsaye cikin rana, kowa na kallon ruwan, kifi na juyi a samansa. Ba wanda ya shiga. Mutane suka saɓa homarsu a bushe suka kama hanya.

Ba a sake yin su ba. Yayana yana da 'ya'ya maza, amma sai wanda ke tsaye cikin ruwa ne zai shafa wa magaji laka, shi kuwa ba zai shiga ba. Dukan da ya yi wa Baba na yafe masa tun a ranar, don na ga yadda aka yi. Maganar da ya faɗa ce na kasa yafewa. Wani lokaci in na yi salla ina ganin shi ne mai gaskiya, kafin in naɗe darduma haushin ya dawo.

Wurin shaƙatawar yana nan yana ci gaba. An ƙara bukkoki, ana zuwa bikin aure da ɗaukar hoto. An shafa wa goranmu fenti mai sheƙi, baƙi na tsayawa kusa da shi suna murmushi. Sai dai duk bazara in ruwa ya ja baya, kifi ya yi yawa ba mai kamawa, yakan mutu ya taso, wari ya hana baƙi cin abinci. Yayana ne ke kwashewa. Ya ɗaura homa a bakin wata doguwar gora, yana tsayawa a saman matakala yana jawo su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a buhu.

Bazarar da ta wuce na kai masa fura, don matarsa ba ta da lafiya. Na same shi a bakin aikin nan, gemunsa ya yi fari. Ban yi masa magana ba, na ajiye kwanon a gindin giginya. Sai wasu baƙi suka wuce a kwale-kwale suna dariya, igiyar ruwa ta taso ta hau matakalar. Yayana ya yi tsalle da baya har ya faɗi zaune. Ya ɗaga ƙafafunsa ya duba tafinsu da kyau, ya ga a bushe suke. Ya jira ruwan ya koma, sannan ya tashi ya ɗauki gorarsa.